Yadda ɗan Jos mazaunin Abuja zai riƙe abokansa na gida

Duk ɗan Jos da aiki ko kasuwa ta kawo shi Abuja ya san gaisuwar nan: "A'a, mutanen Abuja! Ka ɓuya." Ana faɗa ana dariya, amma in ka kasa kunne da kyau akwai ƙorafi a ciki. Abuja zuwa Jos tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar in hanya ta yi kyau, ba wata uwa duniya ba ce, amma sai ka ga mutum ya shekara biyu bai sa abokin da suka yi firamare tare a ido ba, kuma wallahi ba faɗa suka yi ba, kowa dai ya zauna yana jiran ɗaya ya neme shi. To tunda kai ne ka tashi ka bar gari, ka sa a ranka yawancin neman a kanka yake. Ga yadda ake yi.

Mu fara da waya tunda ita ce a hannunka kullum. Zama a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinku ko na 'yan unguwa bai isa ba. Can wurin tura barka da Juma'a ne da hoton fulawa da musun siyasa da na ƙwallo, mutum zai iya shekara uku yana jefa sitika a ciki alhali ba wanda ya san an sallame shi daga aiki ko matarsa na kwance a asibiti. Zauna ka ware mutanen da tsakani da Allah ba ka son rasa su, za ka ga ba su da yawa, da ƙyar su cika yatsun hannu. Waɗannan su ake kira da murya, kai da shi. Kuma kada ka jira sai kana da magana. In kullum sai da buƙata ko mugun labari lambarka ke shiga wayar mutum, to duk ranar da ya gan ta gabansa ne zai faɗi.

Za ka ce ina lokaci, ai lokaci kam Abuja ta ba ka shi ko ba ka so. Wanda ke kwana a Mararaba ko Masaka ko Kubwa ko Zuba ya san abin da gosulo ke ci masa safe da yamma. In ba kai ke tuƙi ba, nan ne wurin kiran. Sai dai ka ɗaga gilas ko ka riƙe wayar ta ɓangaren ciki saboda masu fizge, kuma kada ka yi maganar kuɗi a motar haya cikin mutanen da ba ka sani ba. Abokinka mai shago a Terminus ko Katako ba zai iya hira da rana tsaka ba, kwastoma na tsaye a kansa, shi saƙon murya za ka bar masa ya saurara in ya tashi kasuwa. Gajere fa, ba huɗubar minti goma sha biyu ba.

Tambayar ma akwai yadda ake yin ta. "Ya gida ya aiki" amsarta ɗaya ce, lafiya lau. Amma in ka ce "ya jikin Baba, ƙafar ta saki?" ko "ya kuka ƙare da mai shagon nan da ya ce zai ƙara haya?" nan take zai gane wancan karon da ya yi magana kana ji. In kai mai mantuwa ne ba laifi ba ne ka rubuta sunayen 'ya'yansa a ƙarƙashin lambarsa, ya fi ka riƙa cewa "ya yaran" shekara da shekaru har babbar ta shiga sakandare ba ka san sunanta ba.

Sai maganar sha'ani, kuma nan ne yawancin abota ke mutuwa ko ta rayu. Ba za ka iya zuwa komai ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da sai an yi lissafi, ga oga a ofis ba kullum zai sake ka ba. Saboda haka ka san abin da ke gaba da wani. Rasuwa ce a sama, sai rashin lafiya mai tsanani, sannan biki da suna. Mutum zai yafe maka rashin zuwa ɗaurin aurensa, ranar ma jama'a sun yi masa yawa bai san wa ya zo wa bai zo ba, amma ranar da mahaifiyarsa ta rasu yana zaune a tabarma ƙofar gida yana ganin duk wanda ya tsuguna ya ce "ya haƙuri", wannan lissafin ba ya gogewa. Jana'iza da wuya ka same ta tunda ba a kwana da gawa in ba dole ba, kafin ka kai Akwanga an dawo daga maƙabarta. Ka kira a ranar, in bai ɗaga ba ka bar saƙo kada ka dame shi da kira goma, sannan ka yi ƙoƙari ka shigo cikin kwanaki ukun zaman makoki, in ya gagara to cikin satin. Ko da wata guda ya wuce ka je, ta'aziyya ba ta tsufa. Rubuta "Allah ya jiƙanta" a ƙarƙashin hoto a guruf na mutanen nesa ne, ba naka ba. In abokin naka Kirista ne kuwa ka ma fi samun sarari, domin sukan ɗauki kwanaki ko makonni kafin a binne, za a sa rana, ka nemi izini a wurin aiki tun da wuri ka je.

Biki kuma in ba za ka samu zuwa ba ka faɗa tun da wuri, kada ka ce "in sha Allahu ina hanya" alhali kana kwance a Lugbe. Gudummawa a tura ta kafin ranar, lokacin da ango ke neman kuɗin kanofi da shinkafa ido rufe, dubu biyar a ranar Laraba ta fi dubu goma bayan an watse.

Tunda an zo kan kuɗi bari in tsaya a nan kaɗan. A idon mutanen gida duk wanda ke Abuja yana kusa da gwamnati, ko da kuwa a Dei-Dei yake ɗaukar katako ko gadi yake yi a Gwarimpa. Za a roƙe ka, kuma wani lokacin wanda zai roƙa ɗin abokinka ne na ƙut da ƙut wanda sai da ya kwana yana juyi kafin ya iya buɗe baki. Abin da ke kashe zumunci ba "babu" ba ce, shirun ne. Ya turo saƙo ka karanta ka ƙi amsawa, gobe ya kira ka ƙi ɗagawa don kunya, shi kuma ya ɗauka wulaƙanci ne, shi kenan an rufe babi. Gara ka kira shi ka ce "wallahi mutumina watan nan haya ta tsaya min a wuya, ga abin da zan iya", ka tura abin da ba zai dame ka ba, kuma ka ce masa kyauta ce. Ni dai ra'ayina bashi tsakanin wanda ke Abuja da wanda ke Jos ba ya ƙarewa da daɗi, wanda ya ci zai fara guje maka, ka yi asarar kuɗin ka yi asarar mutumin. In kuɗin da yawa ne, na jari misali, to a rubuta a sa shaidu biyu, ba rashin yarda ba ne, addini ma haka ya ce a yi. In kuma kuna da asusun 'yan aji na taimakon juna, a samu ma'aji ɗaya da zai riƙa sa lissafin shiga da fita a guruf duk wata kowa ya gani, in ba haka ba wata rana dubu ashirin za ta raba mutanen da suka shekara ashirin tare.

Haka maganar neman aiki. Kada ka karɓi takardun mutum ka ce "ka bar min kawai" in ka san a durowa za su kwana. Ce masa ba ka da hanya, amma in ka ji an buɗe ɗauka za ka turo masa, kuma in an buɗe ɗin ka turo.

To yanzu tafiyar kanta. Ka fita da sassafe, bayan asuba in da hali. Da safe cinkoson Nyanya da Mararaba na masu shigowa gari ne, kai mai fita hanyarka a buɗe take, amma in ka ce sai ka tashi aiki ranar Juma'a da yamma to da kai da duk ma'aikatan da ke komawa gida za ku jeru, kafin ka ga Keffi rana ta faɗi. Shiga mota a tasha, inda ake rubuta suna da lambar wani naka, ka bar na bakin hanya ko da ya fi araha. Daga Keffi sai Akwanga, a karkata a bi ta Gwantu a fito Forest, sannan a kama Hawan Kibo. Wannan hawan shi ya sa nake cewa a yi sammako: kwana-kwana ne, ga manyan motoci da ke rarrafawa, da damina kuma hazo kan rufe shi, ba wurin da za ka so dare ya same ka ba ne. Da ka haye ka ga duwatsun Riyom, iska ta canza, ka zuge gilas, saura Mararabar Jama'a da Bukuru ka shiga gari. Kafin ka taso ka kira gida ka tambayi yadda gari yake, dukkanmu mun san Jos, wani lokacin ana sa dokar hana fita, kuma wanda ke ciki ya fi Facebook sanin gaskiyar abin da ake ciki.

Sa rigar sanyi a jaka ko da kana ganin ba ka buƙata. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, kuma jikin da ya saba da zafin Abuja ya manta. A Disamba da Janairu za ka fito alwalar asuba ruwa ya yanke maka yatsu, yaran gida suna yi maka dariya wai ɗan Abuja ya zama baƙo.

Tsaraba kada ta hana ka zuwa. Akwai masu ɗaga tafiya wata bayan wata wai sai sun tara abin rabawa, har shekara ta juyo. Kayan abinci ma yawanci sun fi araha a can, ba wanda ke jiran ka ɗauko masa tumatir daga Wuse. Ayaba da lemo ko doya da manja da za ka saya a hanya sun isa gida, sai ɗan turare ko sabulu na iyaye, da canjin sababbin kuɗi ko alawa na yara. Abokanka kai suke son gani, wanda ya ce "ina tsarabata" ma yawanci tsokana ce.

Da ka sauka, ranar farko ta gida ce, kada ka ajiye jaka ka fice majalisa Mama tana kallon bayanka. Washegari ka fara da gidajen da aka yi rasuwa ko haihuwa ba ka nan. Sannan abin da mutane da yawa ke tsallakewa: ka shiga ka gaida iyayen abokanka. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka durƙusa ka ce "Mama ina wuni, mun same ku lafiya?", ta ce "wa nake gani kamar wane, ashe kana duniya?", ta sa a kawo maka kunu ko ruwa a kofin silba, ka sha ko ba ka jin ƙishi, ka ajiye mata ɗan abin goro a gefen tabarma in za ka tashi. Minti goma ne, amma matar nan ta ciyar da kai tuwo kana yaro ba sau ɗaya ba, kuma abokinka zai ji labarin zuwan kafin ka kai bakin layi. Ba abin da za ka saya masa da zai kai wannan.

Kada ka bi kowa gida-gida, kwana biyu ko uku ba za su isa ba, ƙarshe ka gaji kuma ka ɓata wa rabi rai. Sa dare ɗaya ka sanar, bayan isha'i a majalisarku ta da ko teburin mai shayin unguwa, duk mai son ganinka ya zo. Amma mutum ɗaya ko biyun nan na jiki ka ware musu lokacinsu daban, ko rakiya ce ka yi masa zuwa shago ku tafi a keke kuna hira, domin abin da ke cin mutum ba ya faɗarsa a gaban mutum goma. Ke kuma da aure ya kawo ki Abuja, naki ya fi wuya, ƙawaye kowacce tana gidan mijinta, wata a Rikkos wata a Anguwan Rogo wata ta koma Bukuru, ga yara a hannu. Ki sa rana ɗaya da yamma ki kira su gidanku, a dafa ko taliya da manja ce a ci a faranti ɗaya, wadda mijinta bai bari ba ko take jego ita ce za ki bi har ɗaki.

A majalisa ka rage labarin Abuja. In an tambaya ka ba da amsa, amma kada kowace magana ka ce "ai mu a can". Kada ka zauna kana kukan rami a titi da rashin wuta kamar ba a nan aka haife ka ba, su da ke ciki sun fi ka sani. Kuɗin shayi ka biya ba tare da shela ba, in wani ya riga ka ya ce shi zai biya kai baƙonsa ne, ka bar shi ya biya, kada ka ƙwace masa wannan. Kuma ka yarda cewa an yi abubuwa ba ka nan: akwai barkwancin da za a yi kowa ya fashe da dariya kai ba ka gane ba, akwai sabon mutum da ya zauna a inda kake zama, wanda kuka fi shiri da shi wataƙila yanzu ya fi kusa da wani. Ba cin amana ba ne. Garin ma da ke kanka ba shi ne a ƙasa ba, wanda ya tashi da babbar kasuwar Terminus kafin gobarar 2002 har yau in ya wuce wurin sai ya ji wani iri.

Akwai kuma abokan da rikici ya raba ku da su ba tafiya ba. Kafin Satumban 2001 yaran Jos, Musulmi da Kirista, tare suke tashi, aji ɗaya, filin ƙwallo ɗaya, a kai musu naman Sallah su kawo shinkafar Kirsimeti. Bayan 2001 da 2008 da 2010 mutane suka yi ta sayar da gidaje suna komawa inda nasu suka fi yawa, har ya zama akwai unguwar da kai ba ka sakin jiki ka shiga, shi ma akwai wadda ba ya shiga. In kana da irin wannan abokin kada ka matsa masa sai ya zo har ƙofar gidanku, kai ma kada ka ji kunyar cewa ba za ka shiga tasu da dare ba. Ku haɗu da rana a tsakiyar gari, wurin cin abinci ko wajen gidan tarihi da gidan zu, ko ku je kallon wasan Plateau United. Abin mamaki ma sau da yawa a Abuja irin wannan abotar ta fi saurin farfaɗowa, ku haɗu a ofis ko a tasha ka ji Hausarsa ka ce "kai ɗan Jos ne ko?" shi kenan hira ta ɓarke. Ranar da aka ce wani abu ya tashi a gari, kira shi ka tambayi lafiyar iyalinsa, kada ka tsaya muhawarar wa ya fara.

Wasu abokan kuma sun wuce Abuja, suna Saudiyya ko Dubai ko Malesiya ko Ingila. Su abin lura shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai da 3, Malesiya da 7, ka ga in ka kira ɗan Kuala Lumpur bayan isha'inmu ka tashe shi cikin tsakar dare. Ingila lokacin zafinsu agogonmu ɗaya, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris suna bayanmu da awa ɗaya. Na Dubai in kiran WhatsApp ya ƙi shiga ba share ka ya yi ba, a can an toshe shi, tambaye shi manhajar da suke amfani da ita. Kada kowace hira ta ƙare a nawa ake canji yau ko yaya zan samu biza, mutumin nan kaɗaici ke damunsa, so yake ya ji wa ya yi aure, wa ya buɗe shago, ko an fara ruwa. Ka leƙa iyayensa in ka je Jos ka ɗauki hoto da su ka tura masa. In za ka aika masa saƙo ta hannun matafiyi, yaji da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sun fi tafiya lafiya, amma kilishi kada ka ɗora wa mai zuwa Ingila ko Amurka, ba a yarda a shiga da nama ba, kuma goro ba ya shiga Saudiyya. Ka buɗe ƙullin a gaban mai ɗauka ya ga abin da ke ciki, kai ma kada ka karɓi na wani a rufe.

Ranar komawa ka biya Farin Gada da safe ka yi tsarabar maƙwabtanka na Abuja, dankalin turawa da kabeji da karas, in lokacin sanyi ne har da sitiroberi, su ma mutane ne kuma su ke duba maka ɗaki. Kada ka sulale ba sallama, ko saƙo ne ka tura wa waɗanda ba ka samu gani ba ka ce lokaci ya ƙure, su ne farko in ka dawo, kuma in ka dawo ɗin su zama farkon. Da ka sauka ka kira Mama da wanda ya raka ka tasha ka ce ka iso.

Su ma za su zo Abuja wata rana, intabiyu ko biza ko asibiti ko sarin kaya. In abokinka ya kira ya ce gobe yana hanya, ka faɗa masa gaskiyar inda kake zaune da yadda ɗakin yake tun a waya, ko ciki ɗaya ne a Karmo ku uku, ya zaɓa da kansa ko zai sauka wurinka. Kwatanta masa inda zai ce wa direba ya sauke shi, Nyanya ko AYA, ka gargaɗe shi kan shiga motar da bai sani ba a bakin titi, in wurin da zai je da safe ne ka nuna masa motar da zai hau da ƙarfe nawa zai fita don kada gosulo ya cinye masa lokacin. In aiki ya riƙe ka ba za ka iya tarbarsa ba, bar makulli wurin maƙwabci ka ce a saya masa abinci kafin ka dawo.